Gari da Tumatirin Gwangwani a Tukunyar Malali

Duk wanda ya ratsa layukan Malali da hantsi zai ga yara sun jera robobin hatsi a gaban mai injin niƙa suna jiran layi, sa'annan a tireda ta kusa ya ga ƙananan gwangwanaye da ledojin tumatir an jera su reras. Daga waɗannan wurare biyu ake haɗa abincin daren gidaje da yawa na wannan unguwa da maƙwabtanta, irin su Badarawa da Unguwar Rimi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har hauhawar farashin kayan abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, magidanta da matan aure suka shiga lissafin abin da za a rage idan kuɗin cefane bai kai ba. Wannan lissafi ne ya ta da tambayar da a da sai a ajin kimiyya ake jin irinta: tsakanin gari da tumatirin gwangwani, wanne ya fi amfani a jiki?

Tambayar tana da amsa, amma amsar ba ta taimaki uwargida da komai ba muddin ba a duba abubuwa biyu ba, wato abin da ake cirewa daga hatsi kafin ya zama gari, da abin da ake ƙarawa a cikin gwangwani kafin a rufe shi. A waɗannan wurare biyu ne iyali ke yin hasarar da ba a gani da ido, kuma a nan ne gyara ya fi araha.

Abin da Awo Ya Nuna

Jadawalin sinadaran abinci da ɗalibai suka fi dogara da shi shi ne na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka. A cikinsa akwai wani gari da ba a san shi a ƙasar Hausa ba, wato garin hatsin rai. Hatsin rai ɗan'uwan alkama da sha'ir ne, yana jure sanyi da ƙasa marar ƙarfi, kuma Jamus da Folan da Rasha na cikin ƙasashen da suka fi noma shi, inda ake yin baƙin burodi da shi. Matsayinsa a can ya yi kama da na gero a nan: hatsin da ke rufa wa talaka asiri a gonar da alkama ba za ta yi ba. Saboda an auna shi awo mai zurfi, ya dace a ɗauke shi a matsayin madubi.

A kowane giram 100 na matsakaicin garin hatsin rai akwai kalori kusan 350, da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 11. Garin gero da na dawa suna nan kusa da haka: kalori 330 zuwa 380, furotin giram 10 zuwa 11. Shi kuwa tumatirin da aka sa a gwangwani da ruwansa, giram 100 nasa bai wuce kalori 20 ba, domin kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne. Markaɗaɗɗen tumatir mai kauri, wanda shi ne aka fi sani a kasuwannin Kaduna, an ƙafe masa ruwa, don haka yana da kalori kusan 80 da furotin giram 4.

Dalilin wannan rata a fili yake. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masanin Amurka Wilbur Atwater ya daidaita lissafin da ake bi har yau: giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, na furotin 4, na mai 9, ruwa kuwa ba ya ba da ko ɗaya. Gari busasshen abu ne da sitaci ya cika shi, tumatir kuwa ɗan itace ne mai ruwa. Baligi yana bukatar kalori 2,000 zuwa 2,500 a rana. Idan da ƙaramin gwangwani mai giram 70 zai nemi kalori 2,000, sai ya shanye gwangwani 35. Ta fuskar ƙarfin jiki da kashe yunwa, gari ya yi wa tumatir fintinkau.

Sai dai awon giram 100 da giram 100 yana da yaudara, domin ba haka ake cin abinci ba. Babban mutum zai iya cinye tuwon garin da ya kai giram 200 a zama ɗaya, ya sami kalori kusan 700 da furotin giram 20. Gwangwani mai giram 70 kuwa, a tukunyar miyar gida mai mutum takwas ake juye shi, kowa ya tashi da abin da bai kai giram 9 ba. Wanda ya ce ya kwatanta su daidai wa daida ya manta cewa ɗaya tuwo ne, ɗaya kuma mahaɗin miya.

Abin da Gari Ba Shi da Shi

Duk da haka kuskure ne a raina tumatir, domin yana ɗauke da abin da babu shi a gari ko kaɗan. Garin gero, da na dawa, da na masara, da na hatsin rai, duk babu bitamin C a cikinsu. Ɗanyen tumatir yana da kusan miligiram 14 a giram 100, markaɗaɗɗe mai kauri kusan 22, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta bukatar baligi a kan miligiram 45 a rana.

Muhimmancin wannan bitamin ga mai cin tuwo ya wuce kiyaye dasashi da warkar da rauni. Hatsi yana da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke ƙera jan jini da shi, amma yana tare da wani sinadari mai suna fitet da ke ƙanƙame ƙarfen ya hana hanji tsotse shi. Bitamin C, idan aka ci shi tare da hatsin a zama ɗaya, yana sassauta wannan riƙo. Ke nan miya ce ke buɗe wa jiki ƙarfen da ke cikin tuwo. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan magana tana da nauyi a Arewa. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu kaso a ƙarancin jini, amma abinci ma yana da nasa, kuma shi ne ke hannun uwargida kullum.

Tumatir yana kuma da laikofin, sinadarin da ke ba shi jan launi. A nan na gwangwani ya fi ɗanye, domin markaɗaɗɗe mai kauri yana da ninkin abin da ke cikin ɗanye kusan sau goma, kuma dafuwa da mai suna sauƙaƙa wa jiki karɓarsa. An yi ta danganta laikofin da kariya daga ciwon zuciya da wasu cututtukan daji, amma masana ba su kai ga tabbatar da cewa shi kaɗai magani ne ba, don haka bai kamata a sayar wa jama'a gwangwani da sunan magani ba. Akwai kuma fotasiyam, kusan giram 1 a kowane giram 100 na mai kauri, wanda ke taimakawa wajen daidaita hawan jini.

Amma a koma ga tukunyar mutum takwas. Gwangwani mai giram 70 yana da bitamin C kusan miligiram 15, wato kowa ya sami miligiram 2 kafin a ɗora tukunya. Sa'annan a soya miya har mai ya taso, zafi ya cinye wani kaso. Wasu kuma sukan jefa kanwa don kashe tsami, ita kuwa kanwa tana lalata bitamin C. Abin da ya isa akushi ja ne da ɗanɗano, bitamin ɗin kuwa ɗan kaɗan ne. Gwaiba guda ɗaya, wadda giram 100 nata ke da fiye da miligiram 200, ta fi gwangwanin nan goma. Lemun tsami da aka matsa a kan abinci, ko kwaɗon zogale ko na rama da aka yanka wa ɗanyen tumatir, sun fi yi wa ƙarfen tuwo aiki. Shan shayi nan take bayan tuwo kuma yana rage tsotsar ƙarfen, gara a jinkirta shi.

Abin da Ake Cirewa Daga Hatsi

Ƙwayar hatsi kashi uku ce: ɓawon waje da ke zama dusa, da ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi, da farin ciki mai sitaci. Yawancin ƙarfe da bitamin B da mai da zaren abinci, wato ɓangaren da hanji ba ya narkarwa amma yake gyara ciki ya kuma rage saurin hawan sukari a jini, suna cikin ɓawon da idon. Garin hatsin rai ya nuna wannan a fili, domin ana sayar da shi iri uku. Baƙin gari, wanda ba a cire masa dusa ba, yana da furotin kusan giram 16 da zare kusan giram 24 a giram 100. Farin gari, wanda aka tace sosai, furotin ɗinsa kusan giram 10 ne, zarensa 8. Hatsi ɗaya ne, gona ɗaya, amma rariya ta kwashe kashi biyu cikin uku na zaren.

Abin da ke faruwa ke nan a injin surfe. A zamanin turmi da taɓarya, surfe yana da iyaka, domin hannu yana gajiya. Inji ba ya gajiya, kuma ido ya saba da farin tuwo mai santsi, har ya zama abin yabo ga uwargida. Sai a surfa masara ko dawa har ta yi fari fat, a bakace, a wanke, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, dusar kuma a ba awaki da kaji ko a sayar. Ta haka dabbar gida ke cin mafi kyawun ɓangaren mudun da aka saya da tsada.

Masu son surfe suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Garin gero da ba a surfa ba yana saurin yin ɗaci da wari saboda man da ke cikin idonsa. Ɓawon jar dawa yana da tanin, mai sa baurin baki da rage narkewar furotin. Surfe yana kawar da ƙura da wani ɓangare na gubar funfuna da kan kama masarar da ba ta bushe sosai ba. Fitet ɗin nan ma mai riƙe ƙarfe, a waɗannan ɓangarorin na waje ya fi yawa. Saboda haka ba a ce a daina surfe ba. Abin da hankali ya ɗauka shi ne a yi surfe mai sauƙi, a niƙa abin da za a cinye a cikin 'yan kwanaki, a kuma riƙe dabarar da kakanni suka bari: jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu da gasara, yana karya fitet ba tare da an zubar da ƙarfen ba. Furotin ɗin hatsi kuma yana da gibin wani sinadari mai suna laisin, wanda wake da gyaɗa da daddawa ke cikewa.

Akwai abin lura ga hukuma a nan. Tun 2002 doka ta tilasta ƙara bitamin A a garin alkama da garin masara na masana'anta da sukari da man girki a Nijeriya. Wannan doka ba ta isa wurin mai injin unguwa ba, alhali daga can yawancin tuwon Malali ke fitowa. Hanyar da za ta kai ga wannan gari ita ce inganta iri tun daga gona. A 2018 an saki wani irin gero mai suna Chakti a Jamhuriyar Nijar, wanda cibiyar ICRISAT ta samar, mai yawan ƙarfe fiye da geron da aka saba. Irin wannan aiki ne ya kamata a ƙarfafa wa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwarorinta gwiwa a kansa.

Abin da Ake Ƙarawa a Gwangwani

Adana abinci a rufaffen mazubi tsohuwar dabara ce. Bafaranshe Nicolas Appert ya wallafa hanyarsa a 1810, a shekarar kuma Peter Durand ya yi rajistar gwangwanin ƙarfe a Ingila. Dabarar ta dace da ƙasar da tumatir ke yin arha har ya ruɓe daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin girbin noman rani, sa'annan ya yi tsada da shigowar damina. Mutanen Kaduna ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jiha ta kafa dokar ta-ɓaci a kan amfanin. A irin wannan lokaci gwangwani ne ke rufa asiri, kuma babu laifi a hakan.

Matsalar ita ce ba duk jan abin da ke cikin gwangwani ko leda ne tumatir zalla ba. Ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex ta tanadi cewa markaɗaɗɗen tumatir mai kauri sai ya ƙunshi aƙalla kashi 24 cikin 100 na daskararren sinadarin tumatir. Ana bukatar ɗanyen tumatir kilo 5 zuwa 6 kafin a sami kilo 1 na irin wannan, shi ya sa yake da tsada. Don a sauke farashi, akan gauraya tumatirin da sitaci da sukari da gishiri da launi, a rubuta "mix" a jikin ledar a maimakon "paste". Wannan ba haramun ba ne muddin an bayyana. Amma uwargidan da ta saya da niyyar ƙara wa tuwo abin da ba shi da shi, sai ga shi ta sayi sitaci ta zuba a kan sitaci, da farashin da ya ninka na gari. Araha ba ta ado.

Hanyar ganewa tana jikin mazubin. Ƙa'ida ce a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka wanda sunan tumatir ya zo farko, jerin kuma ya zama gajere, shi ya fi. A duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, a duba ranar ƙarewar wa'adi. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a bakin murfi, a bar shi. Wanda aka buɗe a juye ragowarsa a wani mazubi mai murfi, domin tsamin tumatir yana cin ƙarfen gwangwani idan iska ta shiga. Mai hawan jini kuma ya tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin rana ya kai giram 5, kuma na cikin leda yana haɗuwa da na dunƙule da na hannu.

Sai dai wannan bayani duka da Ingilishi ake rubuta shi, da ƙananan haruffan da ko mai ido sai ya ƙura. Yarinyar da aka aika tireda, da uwar da ta aike ta, ba lalle su karanta shi ba. Kayan da ake sayarwa miliyoyin masu jin Hausa ya cancanci a rubuta a jikinsa, da Hausa da manyan haruffa, kashi nawa ne tumatir a ciki. Wannan aikin NAFDAC ne da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Abin takaici shi ne ƙasar da ke noma tumatir mai yawa ta daɗe tana shigo da markaɗaɗɗensa a durom daga waje, musamman daga Sin, ana zuba shi a ƙananan mazubai a nan. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da shi zuwa kashi 50 cikin 100, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. An gina masana'antu, kamar ta Ikara tun shekarun 1980, da ta Kadawa a Jihar Kano da aka buɗe a 2016, da ta Kangimi kusa da Kaduna, amma samun ɗanyen tumatir duk shekara ya kasance babban ƙalubale ga irin waɗannan masana'antu. A gefe guda kuma ga kauɗa, wadda ake shanyawa a gefen hanyar Zariya zuwa Kano da rani. Rana tana cinye yawancin bitamin C ɗinta, amma tumatir ce zalla ba gauraye. Aibinta ƙura da funfuna ne idan aka shanya ta a ƙasa, kuma shanya a kan gado ko raga mai tsabta yana magance wannan. Gidan da ya sayi kwando a watan Maris ya shanya da kansa ya rage dogaro da leda a watan Yuli.

Kammalawa

Idan kuɗin cefane ya gaza, kada a rage mudu don a sayi gwangwani, domin gari ne ke ɗauke da ƙarfin jiki da yawancin furotin ɗin gida. Kada kuma a ɗauka jar miya ita ce miya mai amfani. Miyar kuka ko ta zogale ko ta alayyafo, da daddawa da ɗan wake, sau da yawa ta fi ta leda gina jiki, kuma ta fi ta arha. A ce wa mai inji ya sassauta surfe, a rage kanwa a miyar tumatir, a karanta jikin leda kafin a biya kuɗi, a kuma sa wa yaro gwaiba ko lemu ko mangwaro kusa da tuwonsa gwargwadon abin da lokaci ya kawo. Malaman kimiyya na makarantun Malali, tun daga firamare har Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke unguwar, za su iya koyar da wannan duka a darasi ɗaya, da gwangwani biyu da mudun dawa a kan tebur, ɗalibai su kai labarin gida.